Nauyin Sakamakon Ɗakin Gwaji a Shari'ar Zargin Lalata da Ƙananan Yara: Nazarin Gwajin Cututtukan Saduwa da Matsalar Kalmar "Ciwon Sanyi"

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ake gwajin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa a jikin ƙananan yaran da ake zargin an yi lalata da su, tare da auna nauyin da sakamakon gwajin yake da shi a gaban alƙali. An ɗora nazarin a kan ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2017 da na Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka na shekarar 2021, sannan aka gwama su da dokokin Nijeriya da yanayin ƙasar Hausa. Maƙalar ta nuna cewa ƙarfin sakamako ya rataya ne a kan abubuwa huɗu: irin ƙwayar cutar da aka samu, da shekarun yaro, da hanyar da aka bi wajen gwaji, da yadda aka tsare samfuri. Ta kuma nuna cewa kalmar "ciwon sanyi" tana cakuɗa cututtukan da likita ya rarrabe, ta yadda fassara kan iya ƙara wa hujja nauyi ko ta rage mata. A ƙarshe an kawo shawarar kalmomin da za su taimaki tafinta da ɗan jarida da ma'aikacin asibiti.

Muhimman kalmomi: ciwon sanyi, gwaji, samfuri, ƙarina, tafinta, ƙananan yara.

1.0 Gabatarwa

Binciken da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Nijeriya ta gudanar a shekarar 2014 tare da haɗin guiwar UNICEF ya nuna cewa yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma sun fuskanci wani nau'i na cin zarafi ta fuskar jima'i kafin su cika shekara 18. Dokoki kuwa sun tsananta. Sashe na 31 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya sadu da yaro. A watan Satumba na 2020 jihar Kaduna ta gyara kundin hukuncinta, inda ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe.

Sai dai irin wannan laifi a ɓoye ake aikata shi, kuma sau da yawa yaron ne kaɗai shaida. Sashe na 209 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce yaron da bai kai shekara 14 ba yana bayar da shaida ba tare da rantsuwa ba, kuma ba za a kama mutum da laifi a kan wannan shaida ba sai an sami wata hujja da ta ƙarfafe ta. A nan ne takardar asibiti take shigowa. Layi ɗaya daga ɗakin gwaji yana iya kai mutum gidan yari har ƙarshen rayuwarsa. Haka kuma rashin fahimtar wannan layi yana iya mayar da yarinya gidan da aka cutar da ita. Saboda haka ma'anar takardar da yadda ake juya ta zuwa Hausa abu ne da ya shafi masanin harshe kamar yadda ya shafi likita.

2.0 Kalmomin Hausa da Abin da Suka Ƙunsa

A asali "ciwon sanyi" sunan cutar da likitoci suke kira gonoriya ne, wadda Albert Neisser ya gano ƙwayarta a shekarar 1879. A bakin jama'a a yau kalmar ta faɗaɗa. Duk wani ƙaiƙayi ko fitar farin ruwa ko zafin fitsari ko ciwon mara, "sanyi" ake ce masa. Masu tallar maganin gargajiya a kasuwa da gidajen rediyo sun ƙara faɗaɗa ta, har ta haɗa da raunin mazakuta da rashin haihuwa. Akwai kuma camfin da ya yaɗu cewa a masai ake ɗaukar sanyi. Wannan camfi yana da illa iri biyu a batun yara: yana sa iyaye su ɗauki gonoriyar gaske a matsayin abin da aka kwaso a makewayin makaranta, yana kuma bai wa mai laifi mafaka.

"Tunjere" ita ce kalmar da ake fassara sifilis da ita. "Ƙanjamau" kuwa takan ɗauki ma'anar ƙwayar HIV da ciwon da take haifarwa baki ɗaya, ko da yake kafafen yaɗa labarai sun fi amfani da "cuta mai karya garkuwar jiki", a Jamhuriyar Nijar kuma ana cewa "sida". Sauran cututtukan da suke da muhimmanci a wannan fage, wato kilamidiya da tirikomonas da hafis, ba su da sunayen Hausa tsayayyu. Duk a ƙarƙashin inuwar "sanyi" suke fakewa. Sakamakon haka, abin da ɗakin gwaji ya raba gida takwas ko tara, harshen yau da kullum ya dunƙule shi gida ɗaya.

3.0 Matakan Ƙarfin Hujja

Ƙa'idojin Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka na 2021 sun kasa cututtukan da ake samu a jikin yaron da bai balaga ba zuwa matakai uku.

Mataki na farko ya ƙunshi gonoriya da kilamidiya da tunjere da HIV da tirikomonas. Samun ɗaya daga cikinsu a al'aura ko dubura, ko maƙogwaro a batun gonoriya, hujja ce mai ƙarfi ta cewa an yi hulɗar jima'i da yaron. Amma akwai sharaɗi: sai an kore yiwuwar ya ɗauko cutar daga mahaifiyarsa a ciki ko wajen haihuwa, ko ta wata hanyar da ba ta saduwa ba.

Mataki na biyu ya ƙunshi hafis da ƙurajen da ƙwayar HPV take fitarwa a al'aura. Waɗannan abin tuhuma ne da ke buƙatar bincike. Ƙwayar hafis nau'i na ɗaya ita ce take fitar da ƙuraje a leɓe, kuma yaro yana iya kai ta al'aurarsa da hannunsa. HPV kuma tana iya wucewa daga uwa wajen haihuwa ko daga hannun mai raino, ta kwanta na tsawon lokaci kafin ta bayyana. Ƙurajen da suka fara fitowa bayan yaro ya wuce shekara 5 sun fi ƙarfafa tuhuma.

Mataki na uku ya ƙunshi abubuwan da ba sa yanke komai, kamar rikicewar ƙwayoyin da suke zaune a farji tun asali. Ana samun wannan ga yaran da aka cutar da waɗanda ba a cutar ba.

Shekarun yaro suna canza hukunci ƙwarai. Kilamidiyar da jariri ya ɗauko wajen haihuwa tana iya zama a jikinsa har shekara 2 zuwa 3 ba tare da wata alama ba. Ke nan sakamako iri ɗaya yana da ma'ana dabam a jikin 'yar wata 14 da jikin 'yar shekara 8. Haka nan jinin jariri yana ɗauke da garkuwar mahaifiyarsa har zuwa wata 18, don haka gwajin HIV na gaggawa ba ya tabbatar da cutar a wannan tsakani, sai an nemi ƙwayar kanta. Wannan ne ya sa gwada mahaifiya da duba katin awonta suka zama ɓangare na binciken ƙaramin yaro.

4.0 Hanyoyin Gwaji

4.1 Duba da Madubin Likita

Hanya mafi sauƙi da araha ita ce a shafa samfuri a gilashi, a rina shi, a duba da madubin likita. Ga babban namiji mai fitar mugunya wannan hanya tana isa a gane gonoriya. Ga ƙananan yara ba ta isa ba. Dalili shi ne ƙwayar gonoriya tana da dangi masu siffarta sak, waɗanda suke zaune a maƙogwaron masu lafiya. Ɗaya daga cikinsu ma ita ce ƙwayar sanƙarau, wadda mutane da yawa a yankin Sahel suke ɗauke da ita ba tare da sun yi ciwo ba. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Rahoton da ya dogara da madubi kaɗai bai cancanci a kafa hujja da shi a kotu ba.

4.2 Gwajin Shuka

A wannan hanya ana shuka samfuri a faifai mai ɗauke da abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye shi a na'urar ɗumi a ma'aunin zafi 35 zuwa 37, a jira kwana ɗaya zuwa uku. Faifan da aka fi sani domin gonoriya shi ne wanda Thayer da Martin suka samar a shekarar 1964. Shekaru da dama wannan ita ce hanyar da kotuna suka fi aminta da ita, domin ana samun ƙwayar da ranta, a adana ta, a kuma gwada magungunan da suke kashe ta. Duk da haka ƙa'ida ta ce abin da ya tsiro sai an tabbatar da shi ta hanyoyi biyu mabambanta kafin a kira shi gonoriya. Rauninta shi ne ƙwayar ba ta jure bushewa da sauyin yanayi. Samfurin da ya yi sa'o'i a hanya daga asibitin ƙauye zuwa birni, ko na'urar ɗumin da wuta ta ɗauke mata cikin dare, suna iya haifar da sakamakon "ba a samu ba" alhali cutar tana nan.

4.3 Gwajin Ninka Ƙwayar Gado

Wannan hanya, wadda ta samo asali daga dabarar PCR da Kary Mullis ya ƙirƙiro a shekarar 1983, tana neman wani ɗan yanki na ƙwayar gadon cutar, ta ninka shi sau miliyoyi har ya bayyana. Ta fi shuka kaifin ganowa, ba ta buƙatar ƙwaya mai rai, kuma ana iya yin ta da fitsari. Wannan na ƙarshe alheri ne babba, domin yana sauƙaƙa wa yaro azabar bincike. Ga yarinyar da ba ta balaga ba, ƙa'ida ta hana ɗaukar samfuri daga bakin mahaifa, an taƙaita a kan fitsari ko tsinken auduga mai laushi.

Kaifin wannan hanya shi ne kuma haɗarinta. Gurɓata kaɗan a teburin aiki tana iya juya sakamako, kuma wasu nau'o'in gwajin sukan ruɗe da dangin gonoriya. Misali na lissafi zai fayyace matsalar. A ƙaddara an gwada yara 1,000, waɗanda 30 daga cikinsu suke da cutar. A ƙaddara kuma gwajin yana kama kashi 97 cikin ɗari na masu cutar, yana kuskure a kan kashi 1 cikin ɗari na masu lafiya. Zai kama 29 daga cikin 30 ɗin nan. Daga cikin 970 masu lafiya kuma zai nuna kusan 10 a matsayin masu cutar. Jimillar waɗanda takarda ta ce "an samu" 39 ke nan, kuma kusan ɗaya cikin huɗu daga cikinsu ba su da komai. Gwajin bai lalace ba. Ƙarancin cutar a tsakanin yara ne ya sa kuskure ƙanƙane ya yi girma. Wannan ne dalilin ƙa'idar da ta ce duk sakamakon "an samu" a jikin yaro sai an sake tabbatar da shi, kuma a adana ragowar samfurin da aka ɗauka kafin a fara magani.

4.4 Gwajin Jini

Tunjere da HIV da ciwon hanta nau'in B ta jini ake gwada su. Gwajin tunjere hawa biyu ne. Na farko, wato RPR ko VDRL, na tankaɗe ne, kuma yakan nuna alamar ƙarya ga mai zazzaɓin cizon sauro da wasu cututtuka. Na biyu, wato TPHA da makamantansa, shi ne na tabbatarwa. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, kafa hujja da hawa na farko kaɗai ganganci ne.

5.0 Muhimmancin Lokaci

Kowace cuta tana da kwanakin kwanci kafin gwaji ya iya ganinta. Gonoriya takan ɗauki kwana 2 zuwa 7, kilamidiya mako 1 zuwa 3, tunjere kuma kwana 10 zuwa 90. Gwajin HIV na gaggawa yana iya kaiwa wata 3 kafin ya nuna. Saboda haka gwajin da aka yi washegarin aukuwar abu yana iya fitowa babu komai, shi ya sa ake son a sake duba yaro bayan mako 2, a kuma maimaita gwajin jini bayan mako 6 da wata 3. Akasin haka ma yana da amfani ga alƙali. Idan jini ya nuna tunjere kwana biyu bayan ranar da ake zargi, to cutar ta riga wannan rana shiga jiki, sai a faɗaɗa bincike zuwa baya.

Akwai kuma agogon ceton rai. Maganin kariya daga HIV yana aiki ne idan an fara shi cikin sa'a 72, a sha na kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki ga yarinyar da ta fara al'ada yana da iyakar sa'a 120. Hujjar ƙwayar gadon mai laifi kuwa, ga ƙananan yara an fi samunta a cikin sa'a 24 na farko, kuma galibi a jikin tufafi da zanen gado. Abin da aka saba yi a gidaje ya saɓa wa wannan agogo. Ana yi wa yarinya wanka, a gasa ta da ruwan zafi, a wanke tufafinta, a sayo kafso a kemis, sannan a kwashe kwanaki ana shawarar rufin asiri tsakanin dangi da mai unguwa. Ƙwayar maganin da aka sha tana iya share gonoriya kafin a isa asibiti.

A nan ƙa'idojin biyu sun ɗan saɓa. Na Amurka ba su son a ba yaron da bai balaga ba magani kafin a yi gwaji, domin cutar ba ta da yawa a tsakaninsu kuma ana da tabbacin za a dawo da su asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ba da shawarar a bayar da maganin gonoriya da kilamidiya da tunjere tun zuwan farko, musamman a inda gwaji ba ya samuwa. Matsayar da ta dace da yawancin asibitocin ƙasar Hausa ita ce a ɗauki samfuri tukuna idan da hali, sannan a bayar da magani ba tare da jinkiri ba, a kuma rubuta a rahoto wanne ya riga wanne. Lafiyar yaro tana gaba da bukatar kotu.

6.0 Abubuwan da Suke Kawo Ruɗani a Ƙasar Hausa

Ƙa'idojin da aka rubuta a Turai da Amurka ba su yi la'akari sosai da wasu cututtukan yankin nan ba.

Tsargiya ita ce ta farko. Yaran da suke wanka a kududdufi da madatsun ruwa da magudanan noman rani suna kamuwa da ita. Ban da fitsarin jini, takan haifar wa 'yan mata miki da zubar jini da fitar ruwa a al'aura, abin da yake kama da ciwon saduwa ko rauni. Duba fitsari domin neman ƙwan tsutsar yana taimakawa wajen warware wannan.

Na biyu shi ne dangin tunjere da ba ta saduwa ake ɗaukarsu ba. A busassun yankunan Nijar da Mali da Burkina Faso an san wani nau'i da yake yaɗuwa tsakanin yara ta baki da ƙoƙon shan ruwa. A dazukan Gana da Kamaru kuma akwai wani nau'in da yake fitar da gyambo a fata. Gwajin jini ba ya bambance su da tunjeren saduwa. Wajibi ne a tambayi inda yaro ya taso.

Na uku shi ne hanyoyin jini. Yaro mai sikila da aka sha yi masa ƙarin jini, da wanda aka yi wa kaciya ko cire belu ko tsaga da askar da ba a tsabtace ba, da wanda ya sha nonon uwa mai ɗauke da HIV, duk suna iya samun cutar ba tare da an taɓa su ba. Ciwon hanta nau'in B ma yana yaɗuwa tsakanin yaran gida ɗaya, don haka samunsa ba ya nuna lalata.

Na huɗu shi ne amosanin ido. Ƙwayar da take haddasa shi jinsi ɗaya ce da kilamidiyar al'aura, reshe ne kawai ya bambanta. Ganin sunan kilamidiya a sakamakon samfurin ido ba ya tabbatar da wannan zargi.

Na biyar shi ne abin da jama'a suke kira "staf". Sau da yawa takardar gwaji takan nuna wannan ƙwaya ta tsiro, sai hankalin iyaye ya tashi. Ƙwaya ce da take zaune a fata da hancin mutane masu lafiya, kuma ba ta cikin cututtukan saduwa. Mafi yawan ƙaiƙayi da fitar ruwa ga ƙananan 'yan mata suna faruwa ne saboda ƙarancin tsabta ko sabulu mai zafi ko tsutsar ciki.

7.0 Ma'anar "Ba a Samu Ba"

Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi cutar da yara, shi ne ɗaukar sakamakon da babu cuta a matsayin wanke wanda ake zargi. A wani bincike da Girardet da abokan aikinta suka buga a shekarar 2009, an gwada 'yan mata 485 'yan ƙasa da shekara 14 da aka kai asibitocin Amurka bisa zargin lalata. Kashi 8.2 cikin ɗari ne kawai aka samu da wata cutar saduwa. Dalilan a bayyane suke: mai laifin yana iya kasancewa ba shi da cuta, ko yana da ita ba ta wuce ba, ko nau'in taɓawar ba mai yaɗa cuta ba ne. Binciken jiki ma haka yake. Nazarce-nazarcen likitocin yara sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na yaran da aka duba bayan wucewar kwanaki ba a ganin wani rauni a jikinsu, domin wurin yana saurin warkewa. Game da abin da ake kira gwajin budurci, Hukumar Lafiya ta Duniya tare da wasu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya sun bayyana a shekarar 2018 cewa ba shi da tushe a kimiyya, suka nemi a daina shi.

Gwada wanda ake zargi ma yana da iyaka. Rashin samun cuta a jikinsa ba ya wanke shi, domin yana iya shan magani kafin a kama shi. Samunta kuma ba ya tabbatar da cewa shi ne, domin cutar tana da yawa a tsakanin manya. Gwaji yana iya nuna cewa an yi lalata da yaro, amma ba ya faɗin sunan wanda ya yi.

8.0 Isnadin Samfuri

Malaman Hadisi ba sa karɓar matani sai sun binciki isnadi, wato jerin mutanen da magana ta bi ta hannunsu. Samfurin shari'a ma haka yake. Dole ne a rubuta wanda ya ɗauka, da rana da sa'a, da sashen jikin da aka ɗauko, a liƙe shi da hatimi, kuma duk wanda ya karɓa ya sa hannu. Inda aka danƙa wa dangin yaro kwalba su kai wani ɗakin gwaji a cikin gari, isnadi ya yanke, kuma lauyan wanda ake tuhuma yana da damar rushe hujjar. Cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, irin su Waraka a Kano da Salama a Kaduna da Nana Khadija a Sakkwato, an kafa su ne domin a haɗa magani da ɗaukar hujja da kwantar da hankali a wuri guda. Na'urorin GeneXpert da aka rarraba a asibitoci domin gwajin tarin fuka suna iya gwada gonoriya da kilamidiya idan an samar musu da kayan aikin da suka dace, wanda hakan zai rage nisan da samfuri yake yi.

9.0 Fassara a Gaban Alƙali

Sashe na 68 na Dokar Shaida ya amince da ra'ayin ƙwararre, sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta. Rahoton likita da Ingilishi ake rubuta shi. A kotun majistare da babbar kotu tafinta ne yake juya shi ga iyaye da wanda ake tuhuma, a kotun Shari'ar Musulunci kuma, inda Hausa ce harshen zama, ta bakinsa rahoton yake shiga. A ma'aunin fiƙihu sakamakon gwaji ƙarina ce, wato alama mai nuni, kuma ƙarina tana da mai ƙarfi tana da mai rauni. Aikin fassara shi ne ta riƙe wannan bambanci. Ga shawarwari biyar:

(a) A daina amfani da "ciwon sanyi" a fassarar rahoton shari'a. A ambaci cutar da sunanta: gonoriya, kilamidiya, tirikomonas, tunjere, hafis.

(b) A fassara sakamako da "an samu" ko "ba a samu ba". Kalamai irin su "lafiyarta ƙalau" da "ba a taɓa ta ba" hukunci ne da ɗakin gwaji bai yanke ba. Tsakanin "ba a samu ba" da "babu" akwai tazara mai nisa.

(c) A tsayar da kalmomi uku domin matakan nan uku: "hujja mai ƙarfi", "abin tuhuma", da "ba ya yanke hukunci".

(d) A bambance "sakamakon farko" da "sakamakon da aka tabbatar".

(e) Inda likita ya rubuta cewa abin da ya gani ya yi daidai da bayanin yaro, kada a fassara shi da "likita ya tabbatar".

Waɗannan ƙa'idoji sun shafi 'yan jarida ma, domin kanun labarin rediyo da ya ce "an shafa wa yarinya sanyi" yakan yanke hukunci a zukatan jama'a tun kafin kotu ta zauna, ya kuma bar wa yarinyar tabon da zai bi ta har lokacin aure.

10.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa sakamakon gwajin cututtukan saduwa a jikin yaro yana da daraja hawa-hawa. Gonoriyar da aka tabbatar ta hanyoyi biyu a jikin 'yar shekara 7, da samfuri mai cikakken isnadi, hujja ce da ya wajaba a kai ta ga hukuma nan take. "Staf" a takardar da dangi suka kawo da hannunsu ba hujja ba ce. Sakamakon da babu cuta kuma bai rushe maganar yaro ba, wadda har yanzu ita ce ginshiƙin irin wannan shari'a. Harshen Hausa na yau da kullum bai tanadi kalmomin da za su ɗauki wannan rarrabewa ba tukuna. Akwai bukatar sassan koyar da Hausa na jami'o'i da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero su zauna da likitocin yara da masana ɗakin gwaji da alƙalai, su fitar da ɗan ƙaramin ƙamus na kalmomin likitancin shari'a, a kuma horar da tafintocin kotu a kansa. Haka nan akwai fagen bincike a buɗe ga ɗalibai: tattara yadda ake fassara rahoton likita a zaman kotunan Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, domin a ga inda ma'ana take zubewa tsakanin takarda da kunnen alƙali.